Tambaya da Amsa: Kifin koi ya karkace, wasu sun yi gyambo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kifin koi (wani kifin ado) goma a tafkin bayan gida mai lita 5,000. Ɗaya bayansa ya karkace, biyu kuma sun yi jan gyambo. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Idan karkacewar dare ɗaya ta faru, fara zargin lantarki. Famfo ko waya da ke yoyon wuta a ruwa na sa tsokar kifi ta murɗe har ƙashin baya ya goce. Kashe wutar kafin ka sa hannu, mai gyaran lantarki ya duba. Idan sannu a hankali ta zo, yawanci ƙarancin bitamin C ne daga tsohon abinci, domin buhun da aka buɗe ya daɗe bitamin ɗinsa lalacewa yake. Wani kuma haka aka ƙyanƙyashe shi. Ƙashin ba ya miƙewa, amma muddin yana ci yana iyo, ƙyale shi.

Gyambon ya fi gaggawa. Ƙwayar cutar Aeromonas ce ke shiga inda fata ta kurje, kuma gurɓataccen ruwa ke ba ta ƙofa. Auna ruwan: amoniya da naitirait (sinadarai masu guba da ke samuwa daga kashin kifi) su zama sifili, pH (ma'aunin tsamin ruwa) tsakanin 7 da 8.5. Canza kashi 20 cikin ɗari da ruwan da aka cire wa kulorin. Sai ka narkar da tsabar gishiri, giram 3 a kowace lita, wato kilo 15 a tafkinka, amma ka riƙa zuba kilo 5 kullum har kwana uku. Gyambon da ya ci nama sai likitan dabbobi, allura yake bukata.