Kwance injin gudu na motsa jiki don sauko da shi daga bene

Malam, kana tambaya ko za ka iya kwance injin gudunka da kanka tunda ya ƙi wucewa ta matakala. Za ka iya, amma iya sama kawai za ka taɓa. Ka fara sauke gangaren shimfiɗar da ake takawa har ƙasa tun injin yana kunne, sannan ka kashe, ka zare fulogi. Kwance allon da ke nuna gudu, ka raba wayar da ta bi ta cikin sandar gefe, sai ka cire sandunan biyu da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen kwance notu. Kafin ka raba kowace waya, ɗauki hotonta. Notuna kuma a zuba a leda a ɗaure jikin sandarsu.

Bel da moto ka bar su yadda suke, don daidaita bel bayan an cire shi aiki ne mai cin rai. Sharaɗi ɗaya: in naka mai naɗewa ne, ɗaure shimfiɗar da gindin da igiya tamau kafin a ɗaga. Akwai shokoba mai iska a ƙasa da ke tura shimfiɗar da gindin su rabu. Na ga ta wage bagatatan ana tsakiyar matakala, saura ƙiris ta datse wa wani yatsu. Kuma kada ka ɗauka kai kaɗai, ɓangaren moton nan nauyi gare shi.