Tambayoyinku: Ɗora jita bisa ƙarfe ragwanci ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni makaɗin jita ne a wata ƙungiyar samari a unguwar Birni, nan Damagaram, wasan biki da na suna muke yi. Bara na faɗi daga babur, kafaɗata ta hagu ta goce. An gyara, amma har yau in na rataya jita na awa ɗaya sai wuyana ya riƙe, ƙananan yatsuna biyu su yi sanyi kamar ba nawa ba. Na ga wani Bature a bidiyo yana kaɗa jita tana ɗaure bisa wani ƙarfe mai ƙafa uku, ba ya ɗauke da ita. Abokaina sun ce ragwanci ne, kuma wai yana kashe sauti. In sa mai walda ya yi mini irinsa, ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare gaba.

Sa a yi maka. Amma kafin ka je wurin mai walda, fara zuwa asibiti. Jijiyoyin da ke kai ji ga yatsu daga wuya suke fitowa, su ratsa ta ƙarƙashin ƙashin kafaɗa su gangara hannu, kuma daidai wannan wuri maratayin jita yake zama. Sanyin da kake ji a ƙaramin yatsa da na kusa da shi alama ce ta wata jijiya tana matsuwa, ko a wuya, ko a kafaɗa, ko a gwiwar hannu. Likita ne zai gane inda take, wataƙila ya tura ka sashen gashin ƙashi. Hannun hagun nan da shi kake danna tsirkiya, da shi kake neman abinci, kada ka yi wasa da shi. Ƙarfe zai sauke maka nauyi, ba zai warkar da jijiya ba.

Maganar ragwanci kuwa ta ɓata mini rai ƙwarai, don na san makaɗa da irin wannan gorin ya sa suka yi ta cije baki har suka ajiye sana'ar gaba ɗaya. Jita ta lantarki irin ƙirar Stratocaster tana kai kilo uku da rabi, ƙirar Les Paul takan wuce huɗu. A hannu ba wani abu ba ne. Amma a rataya maka shi a kafaɗa ɗaya tun bayan isha'i har tsakar dare, kana tsaye, ga hannun yana aiki, ko mai lafiya sai ya ji a jikinsa. Kuma dabarar ba ta yau ba ce. Dionisio Aguado, gwanin jita ɗan ƙasar Sifen da aka haifa a 1784 ya rasu a 1849, ya ƙera irin wannan mariƙi mai ƙafa uku a shekarun 1830 lokacin yana zaune a Faris. Shi ba ciwo ya kai shi ba. Abu biyu yake nema: hannuwansa su daina aikin riƙo su koma kiɗa kaɗai, jitar kuma ta daina jingina da jikinsa. A zamaninmu Steve Howe, makaɗin jita na Ingila, ya daɗe yana kafa jita bisa ƙarfe a dandali, wata kuma tana rataye a wuyansa, ya matso ya kaɗa wannan ya koma ga waccan cikin waƙa ɗaya. Kamfanin K&M na Jamus yana ƙera su na sayarwa, na jitar lantarki daban, na jitar akwati (mai rami a ciki, wadda ke ba da sauti ko ba wuta) daban.

Dalilin Aguado na biyu shi ne amsar abokanka a kan sauti. Ɗauki jitar akwati, ka manna ta da cikinka ka kaɗa, sannan ka ɗan janye ta kamar faɗin yatsu uku ka sake kaɗawa. Za ka ji ta buɗe. Bayan akwatin ma yana rawa tare da tsirkiya, cikinka ne ke danne shi. A jitar lantarki bambancin bai kai a yi magana ba. Inda matsalar take daban ce: jitar akwati mai jona wuta, in ba jikin mutum a bayanta, ta fi saurin yin kuwwa idan lasifika na kusa. Sai ka kafa ƙarfenka a gefen lasifikar ko bayanta, kada bakinta ya dubi jitar.

To, ga inda nake so ka natsu. Yawancin waɗanda na ga ƙarfen ya ba su wuya, mai walda ne ya yanke tsawon da ya ga dama, su kuma suka koma suna duƙawa ko suna miƙa hannu don su isa. Wanda ya gudu daga ciwon kafaɗa ya tarar da ciwon baya bai ci riba ba. Awon daga jikinka za a ɗauka. Rataya jitarka yadda ka saba, ka tsaya kusa da bango da takalmin da kake zuwa wasa da shi, wani ya ɗauki gawayi ya yi alama biyu a bangon: inda tsakiyar akwatin yake, da inda kan jitar ya kai. Alamun nan biyu sun ba ka tsawo, sun ba ka karkata. Sannan ka lura, jita a jikin mutum ba ta tsayawa cak, samanta yakan ɗan kwanto wajen ƙirji, wuyanta ya ɗan yi gaba. Ƙarfen da bai ba ka wannan kwanciyar ba zai sa ka lanƙwasa wuyan hannu fiye da kima.

Kada ka kai jitar kanta runfar walda, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda fenti. Kwantar da ita bisa kwali, ka zana ta, ka yanke, ka rubuta kaurinta a jiki, ka kai masa kwalin. Ka ce masa bututu biyu kake so, ƙarami cikin babba, da ƙusa mai kunnuwa da ake ɗaurewa da hannu, yadda za ka iya ɗagawa ko saukewa. Kan ƙarfen ma ya zama mai juyawa, shi ma da tasa ƙusar. Ƙafafu uku su baje sosai, kamar kamu ɗaya kowace daga tsakiya, ɗaya ta miƙe ta gefen da wuyan jitar yake, don nan nauyi yake rinjaya, kuma a bar maka wurin da za ka sa ƙafafunka ba ka yi tuntuɓe ba. Duk inda ya yi walda ya bi da zarto ya goge kaifin. Wasu suna ɗora mariƙin bisa ƙarfen makirfo don sauƙi. Yana yi in gindinsa mai nauyi ne, amma irin marasa nauyin da masu haya ke kawowa wurin biki ban yarda da su ba.

Hannuwan da za su rungumi jitar su kama ta a ƙugu da gindi, a gefe inda katako ya haɗu da katako, nan ne ƙarfinta yake. Fuskar jitar akwati kaurinta kamar milimita uku ne kawai, kada komai ya matse ta. Kada kuma ka bari kowa ya huda jitar da sunan ɗaurewa. A bar gurbin da wayar wuta ke shiga.

Abin naɗe ƙarfen fa? Mai walda zai ce a yanko robar tayar babur. Ka ce a'a. Akwai fentin jita, musamman na tsofaffi da masu tsada, da roba ke ci, ta manne ta bar baƙin tabo, zafin garinmu kuma yana gaggauta abin. Mu da Allah ya hore wa dukawa a Damagaram, me zai kai mu ga roba? Je wurin baduku ya naɗe maka da fata mai laushi wadda ba a rina ba, ya sa auduga ko tsohon bargo a ciki, ya ɗinke. Jar fata ta fi kyan gani, amma in gumi ya taɓa ta tana iya zuba a jikin farar jita.

Ban ɓoye maka abin da za ka rasa ba. Ka zama ɗan akuya a turke: ba shiga cikin taro, ba bin uwar amarya da kiɗa lokacin liƙi, sai dai mawaƙinku ya yi wannan. In ka ja tsirkiya sama da ƙarfi ƙarfen zai ɗan yi rawa, a farko abin zai dame ka. Maganinsa ƙaramin buhu na yashi a ɗora bisa ƙafafun, ka kuma matso har jitar ta ɗan taɓa cikinka. Naɗa wayar sau biyu a jikin bututun kafin ta tafi ƙasa, yadda in yaro ya taka ta ba zai fizgo jitar ba. In za ka je salla ko cin abinci, cire ta ka sa a jaka. Babbar riga ɗaya ta mai rawa tana iya kifar da komai. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, kada ka bar ta kafe a rana ko na rabin awa, gam yana saki, katakon da ke riƙe tsirkiya ya ɗago.

Kafin ƙarfen ya samu, canja maratayinka da mai faɗi, kamar santimita 7 ko 8, na fata mai soso a ciki, shi ma baduku zai yi maka. Waƙoƙin sanyi na farkon dare kuma ka yi su a zaune. In ƙarfen ya zo, kada ka fara da shi a gidan biki. Yi mako guda kana gwada shi a zaure, kana ɗagawa kana saukewa kaɗan-kaɗan, har ka samu inda kafaɗunka biyu suka sauka daidai ba tare da ka ɗaga ɗaya ba. Sai ka sa ɗigon fenti a bututun daidai wurin, don kada ka riƙa neman awon cikin duhu kowane dare. Ka rubuto mini abin da likita ya ce.