Filin Birij: Hannuna Ya Yi Ƙarfi, Me Zan Taya a Karo na Biyu?

Wasiƙun wannan watan a kan birij, wasan kati na mutum huɗu biyu-biyu, kusan duk kuka ɗaya suke yi: mutum ya buɗe gwanjo da hannu mai maki 17 zuwa 19, abokin wasa ya amsa, sai tayi na biyu ya ɓata komai. Amsoshinmu a kan tsarin Amurka ne, wanda aka fi cin karo da shi a dandalin intanet na Bridge Base Online: As maki 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1, buɗewa da 1NT (NT shi ne tayin da babu dangin kati mai yanka) maki 15 zuwa 17, gem kuma, wato tayi mai babban lada kamar 3NT, 4♥ ko 4♠, yana neman maki 25 ko 26 tsakanin hannuwa biyu.

Tambaya daga wani mai karatu a Tudun Wada, Gombe: Malam, ina riƙe da ♠ 7, ♥ A K J 5, ♦ A Q J 8 4, ♣ K 9 3. Na buɗe da 1♦, abokina ya ce 1♠, na ce 2♦, ya yi fas (bai ƙara tayi ba). Muka tashi da ci 11 cikin 13. Ya ce laifina ne. Haka ne?

Amsa: Malam, abokinka yana da gaskiya. Maimaita danginka (♦ a nan) a mataki mafi ƙasa yana gaya masa makinka 12 zuwa 15 ne, kuma yawanci katin ♦ shida gare ka. Kai kuwa maki 18 kake riƙe da su. Ka kai bijimi kara ka sa masa kuɗin maraƙi, ba za ka ga laifin wanda ya sallama ba. Ci 11 a 2♦ makin sakamako 150 ne kacal, alhali 3NT da ci 9 yana kawo 400 ko 600.

Tayin da ya dace shi ne 2♥, wato ribas. Ribas shi ne ka taya sabon dangi a mataki na biyu wanda ya fi danginka na farko daraja (daga ƙasa zuwa sama: ♣, ♦, ♥, ♠), ta yadda idan abokinka yana son komawa na farkon, sai ya hau mataki na uku. Tunda kai ka tura shi can, kuma mai yiwuwa maki 6 ne kawai a hannunsa, dole ka kasance da abin riƙe shi. Shi ya sa sharuɗɗan suke da tsauri: maki 17 ko fiye, kuma dangin farko ya fi na biyu tsawo, biyar da huɗu ko shida da huɗu. Abokinka ba shi da izinin fas, sai ya sake magana ko da sau ɗaya.

Kada ka ruɗu da 2NT, domin katin ♠ ɗaya tal gare ka, kuma abokinka zai ɗauka kana da aƙalla biyu, ya dage a kan ♠ ɗinsa. Shi ma 3♦ bai yi ba: yana alkawarin kati shida, kuma yana binne ♥ ɗinka. Ka tuna wanda ya amsa da 1♠ zai iya zama da ♠ biyar da ♥ huɗu.

Idan bayan 2♥ ya ce 2♠, ka ce 2NT. Da wannan ka kammala bayani: ♦ biyar, ♥ huɗu, tsaro a ♣, gajarta a ♠. Amma cire As na ♥ ka sa ƙaramin kati, makinka ya dawo 14, to 2♦ ɗin nan da ka taya shi ne daidai, ♥ kuwa sai ya jira.

Tambaya daga wata mai karatu a Pantami: Malam, da ♠ K 4, ♥ A Q 6, ♦ K J 7 3, ♣ A J 9 2, bayan 1♦ da 1♠, mijina ya ce a tafi 3NT kai tsaye tunda hannun ya cika. Ni na ce 2NT.

Amsa: Malama, naki ne daidai. Daidaitaccen hannu mai maki 18 ko 19 ya fi ƙarfin buɗewa da 1NT, bai kai na 2NT ba, wanda yake 20 zuwa 21. Hanyarsa ita ce a buɗe da dangi, sannan a tsallaka zuwa 2NT. Lissafin a fili yake: 18 da 6 sun zama 24, bai kai gem ba. Mai amsawa zai yi fas da mafi ƙarancin hannu, ya ƙarasa 3NT da maki 7 ko 8. Akwai wata riba: 2NT yana barin mataki na uku a buɗe, inda mai ♠ biyar zai iya taya 3♣ ya tambaya ko akwai goyon kati uku.

Tsallakawa zuwa 3NT wani irin hannu yake nunawa dabam, mai dogon ƙaramin dangi da ba ya tsayawa, kamar ♠ 8 4, ♥ A 6, ♦ A K Q J 7 5 2, ♣ K 3. Ci 8 a hannu, ana neman na tara.

Idan maigida a tsarin Acol na Ingila ya koya, ku zauna ku daidaita tukuna, domin a can 1NT maki 12 zuwa 14 ne, kuma ma'anar tayi na biyu tana sauyawa da shi.

Tambaya daga wani ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Kashere: Malam, na buɗe 1♥ da ♠ A 5, ♥ A K J 10 7 4, ♦ 6, ♣ A K 8 3. Aka amsa 1♠, na tsallaka 3♥ don a san ina da ƙarfi. Abokina ya yi fas! Ashe tsallake ba dole ba ne?

Amsa: Ba kowane tsallake ba ne dole, kuma a nan ne muke so masu karatu su fi tsayawa, domin wannan kuskuren ya fi kowanne cin maki. Tsallake a danginka, 1♥ sannan 3♥, gayyata ce: maki 16 zuwa 18 da kati shida masu kyau. Mai maki 6 ko 7 da katin ♥ ɗaya yana da 'yancin barinka a nan. Haka tsallake a dangin abokinka, haka 2NT. Dukansu sun faɗi iyakar ƙarfinka, kuma duk tayin da ya faɗi iyaka, ana iya yi masa fas.

Hannunka maki 19 ne, As uku, ga dogon ♥. Ko da maki 6 ne a gaba, gem kake so. Tayinka shi ne 3♣, tsallake zuwa sabon dangi, wanda yake ɗaure ku duka biyu har sai kun kai gem. Da zarar an ɗaura wannan, babu sauran gaggawa. Idan ya ce 3♦ ko 3♠, ka maimaita ♥ ya san shida ne. Idan ya ce 3♥, ka fara tunanin silam, wato tayin ci 12 ko 13. Tafiya 4♥ kai tsaye ba ta munana ba, sai dai tana cinye filin da za ku gano cewa ♣ ɗinku takwas ne ko tara, inda 6♣ zai iya yiwuwa alhali 6♥ ba zai yiwu ba.

Akwai ɗaya gefen da ya kamata ka kiyaye. Mutane kan koyi wannan tayin sai su riƙa yinsa da maki 16 ko 17. A'a. Da ♥ biyar, ♣ huɗu da maki 17, tayinka 2♣ ne kawai, wanda yake ɗaukar maki 12 har zuwa 18. Gaskiya ne abokinka zai iya fas, kuma wani lokaci gem zai wuce ku. Amma mai fas a nan makinsa ba ya wuce 6 ko 7, kuma ya fi son ♣ a kan ♥, wato hannuwan ba su dace da juna ba. Idan ya sake magana, ko da komawa 2♥ ne, sai ka ƙara tayi na uku, daga nan ya gane kana saman ma'aunin. Wani lokaci kuma hannun gem yakan zo babu dangi na biyu mai kati huɗu, sai a tsallaka a kati uku masu ƙarfi. Idan za ka yi haka, yi shi a ♣ ko ♦, kada ka kuskura a ♥ ko ♠, domin abokinka zai ɗaga ka zuwa gem a dangin da ba ka da shi.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Kaltungo: Bayan 1♦ da 1♠, ina da ♠ K Q 8 5, ♥ A 7 2, ♦ A K J 6 3, ♣ 4. Maki 17 ne, na ce 3♠. Mun tsaya a 4♠ muka yi ci 12.

Amsa: Malam, da zarar ka ga kuna da kati takwas a ♥ ko ♠, sake ƙidaya. Dangin da ba ka da ko ɗaya maki 5 ne, tilon kati 3, kati biyu 1. Hannunka ya zama 20. Ma'aunin goyon baya da kati huɗu shi ne: 2♠ maki 12 zuwa 15, 3♠ 16 zuwa 18, 4♠ 19 ko fiye. Ka ga 3♠ ya yi kaɗan.

Abin da ya fi 4♠ shi ne 4♣, tayin sifilinta. Tunda 2♣ tayi ne na yau da kullum, 3♣ kuma na dole, to tsallake biyu zuwa 4♣ yana cewa: ♠ huɗu, ƙarfin gem, ♣ ɗaya ko babu. Duba amfaninsa. A ce abokinka yana da ♠ A J 9 6 3, ♥ K 4, ♦ Q 5, ♣ 8 7 5 2. Maki 10 ne, jimlarku 27, nesa da 33 da ake faɗa wa silam. Amma ya san ƙananan ♣ ɗinsa ci ɗaya kawai za su zubar, sauran a yanka su da ♠, kuma duk makinsa suna inda ake bukata: ♠ biyar, ♦ biyar, ♥ biyu, ci 12. Idan kuwa hannunsa ♠ A J 9 6, ♥ 8 6 4, ♦ 7 5, ♣ K Q 5 2 ne, maki 10 ɗin dai, rabinsu sun faɗa gaban tilon katinka, sai ya ce 4♠ ya tsaya.

Kafin ka fara amfani da shi, ku yi magana da abokinka a kan 4♣ ɗin nan musamman. Akwai masu ɗaukar kowane 4♣ a matsayin tambayar As ta Gerber, sai ya amsa maka da adadin As ɗinsa kai kuma ka fassara shi da wani abu dabam. Ku ajiye Gerber sai bayan 1NT ko 2NT kawai, ku rubuta haka a takardar tsarinku.