Ni na rubuta manhajar, amma sunan kamfani aka sa

Tambaya: Ina aikin rubuta manhaja a wani kamfani. Za a saki wani shiri da na rubuta a matsayin buɗaɗɗiyar manhaja, sai na ga sunan kamfani kaɗai aka sa a layin haƙƙin mallaka. An danne mini haƙƙi ne? Kuma a ina sunana zai fito?

Amsa: Malam, abu biyu ne ka haɗa wuri guda: wanda ya mallaki aikin daban, wanda ya yi shi daban.

In ma'aikaci ne kai mai karɓar albashi, kuma aikin yana cikin abin da aka ɗauke ka dominsa, kusan ko'ina kamfani ne mai shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ma kamfanin take ɗauka a matsayin marubucin. A Birtaniya, sashe na 11 na dokar 1988 ya ba wa kamfanin da ya ɗauki ma'aikacin mallakar farko, sai in an yi wata yarjejeniya. Ɗan kwangila kuwa lamarinsa ya sha bamban: galibi haƙƙin na nan a hannunsa har sai ya sa hannu a takardar miƙa shi. Saboda haka ka fara duba takardar ɗaukarka aiki. Kada ka saka sunanka a layin mallaka da kanka, domin layin nan shi ke nuna wanda ke ba da lasisi, kuma ba ka da ikon ba da abin da ba naka ba.

Sunanka yana da nasa gurbi. Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren shiri, na ajiye sunan marubuci da imel ɗinsa a kan kowane gyara, dabam da na wanda ya shigar da gyaran. A nan ake yawan yin ɓarna: kafin saki sai a dunƙule tarihin gaba ɗaya ya zama shigarwa guda, don a ɓoye bayanan cikin gida, sunayen mutane su bi ruwa. In dole a dunƙule, ka nemi a sa layin Co-authored-by, mai nuna abokin rubutu, ga kowa, sannan a buɗe fayil ɗin AUTHORS ko CONTRIBUTORS, wato jerin sunayen waɗanda suka yi aikin. In imel ɗin ofis ka yi amfani da shi, fayil ɗin .mailmap zai haɗa tsohon adireshinka da sabo ranar da ka bar aiki.

Lasisin ma yana da tasiri. Lasisin MIT na tilasta a bar layin mallaka, wato sunan kamfani, da rubutun lasisin ne kawai. Lasisin Apache 2.0 kuwa ya wajabta wa mai rarraba manhajar ya tafi da bayanan da ke cikin fayil ɗin NOTICE, don haka sunan da ya shiga can ya fi daɗewa, ko da yake ba a son cika fayil ɗin da sunaye barkatai.

Ka nemi amincewar shugabanka a rubuce kafin ranar saki. Bayan an kwafe manhajar ta bazu, gyaran da ka yi ba zai bi kwafin da suka riga suka tafi ba.