Miyar Lahadi da ta yi tsami ran Talata

Ɗana, jiya muna wanke tukwane bayan mun sallami abincin walimar nan ka yi mini tambaya, hayaniya ba ta bar ni na amsa maka yadda raina yake so ba. Ka ce tun da Hajiya ta kwanta da ciwon ƙafa girkin gida ya dawo wuyanka, ga shi ba ka shiga gida sai bayan isha'i. Sai ka yi dabara ran Lahadi: ka yi babbar tukunyar miyar dage-dage, ka dafa shinkafa mai yawa, ka juye kowanne a kula, da nufin su kai ku Alhamis. Kafin Talata miya ta yi kumfa ta yi tsami, shinkafa ta soma yauƙi, autanku kuma ya kwana yana amai. Ka ce, "Maigida, ina na kuskure, alhali yadda ka koya mini na dafa?"

Hannunka a girki ba shi da laifi, na ci miyarka na sani. A wurin ajiya ka kuskure, kuma kular nan ce ta fara cutar da kai. An yi kula ne don ta riƙe zafin abinci na 'yan awoyi, daga madafa zuwa gaban baƙo. Idan abinci ya kwana a ciki, zafin yana sauka a hankali har ya koma ɗumi, ya daɗe a haka, ga murfi ya tare tururi yana ɗiga a kai. Wannan ɗumin shi ne abin da ƙwayoyin cuta suke so. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 suke hayayyafa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje. Mu da muke Kano, a watan Afrilu da zafi yake kai digiri 40, ni awa ɗaya nake ba shi.

Shinkafa kuwa ta fi miya haɗari, ko da yake mutane sun fi raina ta. Akwai wata ƙwayar cuta da take zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona, masana suna ce mata Bacillus cereus. Tafasa ba ta gamawa da ita. Da shinkafa ta huce ta zauna cikin ɗumi sai ta farka ta zuba dafi, kuma dafin nan ko ka mayar da tukunya kan wuta ba ya mutuwa. Ɗumame ba ya ceton shinkafar da ta riga ta kwana a waje. Na san wannan tun kafin in ji sunanta. Ina saurayi, lokacin da na fara karɓar aikin biki da kaina, na dafa shinkafar yini tun dare don in rage wa kaina aiki, na rufe a manyan kuloli. Da safe ba wari, ba canjin kala, na ɗumama na raba. Kafin la'asar mata da yara sun fara amai. Gida-gida na bi ina ba da haƙuri, kuma har yau idan na tuna fuskar uwar amarya raina yana ɓaci. Tun ranar ban ƙara yarda da hanci kaɗai ba.

To, ga abin da nake so ka riƙe. Ka zauna ka lissafa abin da yake cin lokaci a girki. Shinkafa minti 30 ta nuna. Taliya minti 10. Ɗanwake kafin ka yanka albasa ya taso. Masu cinye dare su ne gyaran kayan miya, layin injin markaɗe, jiran ruwan tumatir ya tsotse, tsintar wake, surfe, daka, da tafasa nama. Su za ka gama ran Lahadi. Wanda yake nuna da wuri ka bar shi sai lokacin cinsa.

Jigon aikin shi ne soyayyen kayan miya, kuma a nan zan daɗe. Ka wanke tumatir, tattasai, attaruhu da albasa, ka cire duk wanda ya fara ruɓa. Kada ka ce za ka yanke gefe ka yi amfani da saura, abin ajiya ba ya son haka. A wurin markaɗe ka tsaya a kan mai injin, ya wanke shi a gabanka, kuma kada ya tuttula maka ruwa. Ka ɗora a tukunya mai faɗi, ba murfi, wuta sosai. Ka bar shi ya yi ta tafasa har ya koma kamar kashi ɗaya cikin uku, ka ja muciya a gindin tukunya ka ga hanya ta tsaya ba ta rufe nan da nan ba. Sannan ka zuba man gyaɗa ko manja, ka rage wuta, ka sa gishiri, ka riƙa juyawa. Kunnenka zai gaya maka lokacin da ya yi. Da farko ƙarar ɓul-ɓul ce ta ruwa, daga baya sai ta koma ƙaramar ƙarar suya. Jan ya yi duhu, mai ya taso ya kwanta a sama, ƙamshin ɗanyen tumatir ya tafi. Idan ka sauke kafin nan, ka ajiye ruwa ne, kuma ruwa shi ne yake kawo tsami.

Na ga kana jefa kanwa don ta kashe tsamin tumatir. A miyar da za a ci yau ba komai. A wadda za a ajiye kada ka sa, domin ɗan tsamin nan na tumatir yana cikin abin da yake tsare ta. Kada kuma ka sa nama, ko kifi, ko ganye, ko romo a ciki. Ka bar shi zallansa. Daga wannan abu ɗaya za ka fitar da dage-dage, da dafa-duka, da miyar alayyafo, da taushe, da jalof ɗin taliya, kowanne da ɗanɗanonsa, yara ba za su ce kullum abu ɗaya ake ba su ba.

Da ka sauke, ka hanzarta hucewarsa. Ka juye a faffaɗan tire, ko ka tsoma gindin tukunya a baho mai ruwan sanyi kana juyawa. Sannan ka raba a ƙananan robobi masu murfi, kowace roba girki ɗaya. Babbar tukunya idan ta shiga firij, gefe yana sanyi tsakiya tana nan da ɗuminta har tsawon dare. Kuma duk sanda aka buɗe aka tsoma ludayi an ƙara mata wani abu. Robar da za a ci cikin kwana 3 ko 4 ta zauna a firij, saura su tafi firiza. Nama ma haka: ka tafasa, ka tsame, ka soya, ka raba. Romon ka ajiye shi daban a firiza, don ya fi naman saurin lalacewa. Ɗanyen nama kuma a can ƙasa, kada jininsa ya ɗiga kan dafaffe.

Na san za ka ce wuta fa? Gaskiya ne. Firij idan aka ɗauke wuta kuma ba a buɗe shi ba, yana riƙe sanyi kamar awa 4. Firiza cikakkiya tana kai kwana biyu, wadda take rabi kwana ɗaya. Saboda haka ka cike gurbin da ya rage da ruwan leda ya zama ƙanƙara, ka kuma hana yara buɗewa don shan ruwan sanyi. Abin da ka tarar da sauran ƙanƙara a jikinsa yana nan lafiya. Wanda ya narke ya yi ɗumi, kada ka mayar, kada ka ɗanɗana don gwaji. Idan kuwa unguwarku takan yi kwanaki ba wuta, ka daina lissafin mako. Ka soya na kwana biyu, mai ya rufe samansa, ka tafasa shi sosai safe da yamma, ka jingina da busassun kaya.

Busassun kayan nan su ne firijin iyayenmu, kuma ba su taɓa jiran wuta ba. Da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, a ɗakin girki aka fi ganinsa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, dakakken yaji, ƙuli-ƙuli, bandar kifi, dambun nama. Mai waɗannan a gida, miyar kuka kwata ɗin awa ce a wurinsa. Ka haɗa garin ɗanwake a bushe, garin wake da na rogo da kuka, ka rufe a bokiti, ruwan kanwa sai lokacin kwaɓi. Ka surfa wake ka shanya ya bushe ƙarau, ka niƙa, ga ƙosai ga alale ba sai ka jiƙa komai ba. Zogale a inuwa ake shanya shi don kada ya yi fari.

Daga Janairu zuwa Maris, da tumatirin Kadawa da Kura ya cika kasuwar 'Yankaba yana araha, ka sayi kwando ka yanka ka yi kauɗa. Ka shanya a kan tsaftataccen buhu a saman rumfa, ba a bakin titi ba inda ƙura da awaki suke bi. A 2016 da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, kauɗar da na tara ce ta riƙe mini aiki. Gyaɗar miyar taushe kuma ka tsince ta ɗaya-ɗaya kafin ka soya. Duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse ka zubar, dafinta hanta yake kamawa, kuma shi ma wuta ba ta kashe shi.

Ka ga idan ka dawo bayan isha'i, ka ɗora ruwan shinkafa, ka juye roba ɗaya a ƙaramar tukunya da ɗan romo da nama, ka bari ta tafasa har tsakiya, kafin ka yi wanka abinci ya sauka. Shinkafar ka auna iya cikinku. Idan ta ragu, ka baza ta a faranti ta huce nan take, ta shiga firij, a ci washegari bayan an ɗumama har tana tururi, kuma sau ɗaya kawai ake ɗumama ta. Na rana kuma, da ba ka gida, ka nuna wa ƙanwarka kwaɓin ɗanwake da kwaɗon zogale, ba su fi ƙarfinta ba.

Autan nan ka riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake sayarwa a kemis. Idan aman bai tsaya ba, ko ka ga idonsa ya faɗa, ko fitsarinsa ya ragu, ka kai shi asibiti yau, ni zan riƙe maka aikinka. Ran Asabar kuma ka zo da wuri, ka taho da robobi shida masu murfi, mu soya na gidanku tare da na aiki don ka ji ƙarar nan da kunnenka. Ka gaida Hajiya da jiki, Allah ya ba ta lafiya.