Amsa ga ɗan'uwan da aka ba yara ya horar da su ƙwallon kwando

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce an damƙa maka yara 'yan shekara 12 zuwa 15, kai kuma wasan ka iya amma ba ka taɓa koyarwa ba, kana son sanin abin da ake buƙata a wurin koci. Na haura shekara goma ina wannan aiki, bari in ba ka abin da na gani.

Kafin komai, ido. Ɗan wasa ƙwallo yake bi da kallo, 'yan kallo ma haka. Koci kuwa sai ya hori idonsa ya rabu da ƙwallon. Mutum goma ne a fili, ɗaya ne ke riƙe da shi, sauran taran nan can aikinka yake. A shekarata ta farko akwai wani yaro dogo da kullum ake wuce shi a tsaro kamar ba ya wurin. Na yi ta daka masa tsawa: "Ka dage mana! Ka sa zuciya!" Wata biyu muna haka. Wata rana na zauna a ƙasa gefen fili, na zuba wa ƙafafunsa ido kawai. Ashe duk sanda zai matsa gefe harɗe ƙafa yake yi, ga shi a miƙe ƙyam, nauyinsa duk a kan dudduge. Yaron nan yana da zuciya, tsayuwa ce ba wanda ya taɓa koya masa. Muka yi mako uku yana lanƙwasa gwiwa yana jan ƙafa gefe-gefe, sai ga shi shi nake ɗora wa gwanin abokan karawarmu. Har yau wata biyun nan na tsawa suna ci mini rai.

Iya wasanka zai taimake ka, amma kada ka jingina da shi. Magic Johnson, shahararren ɗan wasan Amurka, ya karɓi horar da ƙungiyar Lakers a 1994, wasa 16 ya jagoranta, biyar ya ci, ya ajiye. Gregg Popovich bai taɓa buga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba, amma a matsayin koci ya ɗauki kofinta sau biyar da ƙungiyar San Antonio Spurs. Gwani jikinsa ke yin abu ba tare da ya tsaya tunani ba, shi ya sa in yaro ya kasa sai ya rasa ta inda zai kama. Dole ka warware abin da ka iya dalla-dalla: ina ƙafa take, ina gwiwar hannu, daga wane yatsa ƙwallon ke fita.

Kuma kada ka raina ƙaramin abu. John Wooden, kocin da ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10 da jami'ar UCLA tsakanin 1964 da 1975, da koya wa 'yan wasansa sa safa da ɗaure takalmi yake fara kakar wasa, don safa mai tattara ita ke jawo bororo a ƙafa, mai bororo kuwa ba ya gudu.

Atisaye ka rubuta shi a takarda tun daga gida, kowane abu da mintocinsa. Abin da na fi tsana shi ne in ga yara goma sha biyu a layi suna jiran ƙwallo ɗaya. Raba su uku-uku, kowa hannunsa ya taɓa. Matsa musu kan hannun da ba su saba da shi ba, a buga ƙwallo a ƙasa da kuma jefawa kusa da kwando. Dogon cikinsu kada ka dasa shi ƙarƙashin kwando don yana ci maka wasa yau. Nan da shekara uku wasu za su kamo shi a tsawo, ya tashi bai iya komai ba. Tsaro kuma koya musu mutum-da-mutum, wato kowa ya riƙe mutum ɗaya. Tsaron yanki, inda kowa ke tsare wani ɓangare na fili, yana kawo nasara da wuri a wannan shekarun, amma yana ɓoye wanda bai iya ba.

Dokoki ka san su kamar sunanka: daƙiƙa 24 na kai hari, 8 na tsallake tsakiya, 3 a cikin akwatin ƙarƙashin kwando, laifi biyar ɗan wasa ya fita a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya. Hutun da za ka nema a tsakiyar wasa minti ɗaya ne tak. Yaro yana haki ba zai riƙe magana biyar ba, faɗi ɗaya, ka maimaita ta. Alƙalin wasa kuwa, yadda ka yi masa magana haka yaranka za su yi masa.

Wurin da na ga kociyoyi da yawa sun faɗi shi ne benci. Mutum 12 ke cikin tawaga, biyar ke shiga, bakwai na zaune suna kallon yadda kake rabon adalci. In gwaninka ya makara atisaye ka kau da kai, na goma sha biyu ya makara ka hukunta shi, ka rasa su duka, har gwanin. Ni duk atisaye sai na kira sunan kowane yaro na gaya masa abu guda takamaimai da ya yi daidai, ba "ka yi ƙoƙari" ba, a'a, "na ga yadda ka tare mutuminka da baya kafin ka yi tsallen cafe ƙwallo." Wanda ba zai shiga wasa ba, ni nake gaya masa da bakina kafin ranar, da dalili, da abin da zai gyara.

Ka faɗa mini ƙwallo nawa gare ku, kwando nawa, kuma sau nawa kuke haɗuwa a mako, sai in tsara maka atisayen makonni huɗu na farko.