Yaro, ƙwallo da zaman gida: tambayoyinku da amsoshinsu

Mutum biyu ne suka amsa wasiƙun wannan fitowar: kocin da ke horar da yara, da likitan gashin ƙashi.

Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 12, yana buga wa makarantarsu ƙwallo, yana kuma atisaye da wata ƙungiya, kusan kullum dai yana fili. Wata biyu ke nan yana kukan gwiwa, har wani ƙullutu ya fito a ƙasan ƙoƙon gwiwar. Babansa ya ce raki ne. Mu hana shi wasan ne? — Wata uwa

Wa alaikumus salam. Hajiya, a gaya wa Malam ba raki ba ne. Abin da kika bayyana ya yi kama da ciwon da likitoci ke kira Osgood-Schlatter, wanda ke kama yara masu yawan gudu da tsalle, galibi daga shekara 10 zuwa 15. A lokacin da yaro ke miƙewa, ƙashi yana riga tsoka tsawo. Sai tsokar gaban cinya ta ɗame, ta riƙa fizgar jijiyar da ke manne a saman ƙashin ƙwauri, alhali wurin bai gama ƙwari ba. Fizgar nan ce ta haifi ƙullutun. Akwai ɗan'uwansa da ke kama dunduniya, ana ce masa ciwon Sever, shi kuma ya fi samun 'yan shekara 8 zuwa 14.

Ba sai an raba shi da ƙwallo ba, nauyin za a rage. Ki zauna ki ƙirga awannin da yake yi a fili a mako, atisaye da wasa duka. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada awannin su wuce shekarun yaro, wato shi kada ya haura awa 12, kuma yanzu da yake ciwo a rage su zuwa rabi. A ba shi hutun kwana biyu a mako. Ƙungiya biyu lokaci guda ita ce ummul haba'isin matsalar, domin kowane koci yana lissafin nasa ne kawai, babu mai haɗa jimilla sai ke.

In ya dawo daga fili, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora a wurin minti 15. Ya riƙa miƙar da tsokar cinya kullum: ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya kamo idon sawun ɗayar ta baya har dunduniya ta kusa mazaunai, ya riƙe daƙiƙa 30, sau uku kowace ƙafa. Kada a murza ƙullutun da ƙarfi, kada kuma a ba shi maganin kashe zafi don ya samu ya buga wasa. Ranar da ya tashi yana ɗingishi, ranar babu fili. Amma in gwiwar ta kumbura ta yi zafi, ko ciwon yana tashe shi cikin dare, ko da zazzaɓi, ko ya haura zuwa ƙugu, a tafi asibiti ba tare da jira ba. Ciwon kansa yakan wuce in girma ya tsaya, ƙullutun ne wani lokaci yake zama.

Ni da yarana biyu, ɗan shekara 8 da ɗan 14, ba ma barin wasan Gasar Zakarun Turai ya wuce mu. Mamansu ta ce da safe sai ta yi fama kafin su tashi. Yaya za mu yi? — Wani magidanci

Malam, gaskiya tana wajen uwargida. Yawancin wasannin nan na daren Talata da Laraba ƙarfe 9 agogon tsakiyar Turai ake take su, kuma da hutun rabin lokaci da mintunan da alƙalin wasa ke ƙarawa, awa biyu ke nan. In zagayen sili-ɗaya-ƙwale ne aka je ƙarin lokaci da bugun fenariti, ka ƙara kusan minti 45. Ɗan shekara 8 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, ɗan 14 kuma awa 8 zuwa 10. Ka duba lokacin da suke tashi, ka ƙirgo baya, za ka ga lokacin kwanciyarsu. Ka kuma tuna yaron da ya gama ihun cin ƙwallo ba ya yin barci nan take.

Ƙaramin ya kalli zubin farko ya kwanta, da safe ya ga taƙaitaccen wasan kafin wani ya gaya masa sakamako. Babban ya zaɓi wasa ɗaya a mako, da sharaɗin ya gama aikin makaranta tukuna. Akwai kuma wasannin da ake takewa ƙarfe 7 saura kwata, ga kuma wasannin lig na ƙarshen mako da rana. Waɗannan kowa ya zauna.

'Yata 'yar shekara 7 ta fara ƙwallo. Me ya kamata in saya? — Wani uba

Ƙwallo mai lamba 3. Lamba 5 ta manya ce, nauyinta giram 410 zuwa 450, ta fi ƙarfin ƙafar yarinya, sai ta koyi bugu da tsinin yatsa maimakon gefen ƙafa. Lamba 4 sai ta kai wajen shekara 9 ko 10. Takalmi a gwada shi da safar wasa a ƙafa, a bar kamar santimita ɗaya a gaban babban yatsa. Wanda aka sayo da girma "don ta girma a ciki" shi ke kawo bororo da targaɗe. Makarin ƙwauri dole ne a dokar wasa. Sai gorar ruwa, ta kurɓa duk minti 15 zuwa 20.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba: kada kowa ya koya mata buga ƙwallo da ka yanzu. Tun 2015 hukumar ƙwallon Amurka ta haramta shi ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa, ta Ingila kuma ta cire shi daga atisayen 'yan firamare a 2020. In ta yi karo da ka ta ce tana jiri, ko ciwon kai, ko ta yi amai, wasan ranar ya ƙare, sai likita ya duba ta.

Ni Arsenal nake yi, ɗana ɗan shekara 9 ya koma Liverpool. In aka ci su sai kuka da ƙin cin abinci, yayyensa kuma suna ta tsokanarsa. — Baban yara huɗu

Ka bar masa kulob ɗinsa, ba gado ba ne. A sa doka a gida: tsokana tana ƙarewa minti goma bayan tashi daga wasa, kuma kulob ake zolaya, ba mai kulob ba. In ya huce, ka ba shi labarin cewa magoya bayan Liverpool sun jira shekara 30, daga 1990 zuwa 2020, kafin su sake ɗaukar kofin lig. Kai ma ka lura da bakinka ranar da aka ci Arsenal, don a wajenka yake kwaikwayo.

Wani mutum ya ga ɗana ɗan shekara 15 yana wasa, ya ce zai kai shi gwaji Turai in muka biya kuɗin hanya da na takardu. — Wata mahaifiya

Hajiya, kada ki ba shi ko sisi. Sashe na 19 na dokokin FIFA ya hana kai ɗan wasan da bai cika shekara 18 ba wani kulob a wata ƙasa, sai a 'yan yanayi kaɗan, kamar iyaye su yi ƙaura bisa dalilin da bai shafi ƙwallo ba, ko sauyi tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ga 'yan shekara 16 zuwa 18. Kan wannan doka aka hukunta Barcelona a 2014 da Chelsea a 2019. Kulob na gaskiya ba ya karɓar kuɗin gwaji a hannun iyaye. Ki nemi mutumin ya nuna miki lasisinsa na wakilin 'yan wasa daga FIFA da takardar gayyata mai ɗauke da sunan yaron, sannan ki tuntuɓi kulob ɗin ta adireshin da ke shafinsa na intanet, ba ta lambar da mutumin ya ba ki ba. Fasfo ɗin yaron kuma ya zauna a hannunki.